GIDAN WAYA NA CIKIN KWAMFUTA DA ABIN DA YA KAMATA MU SANI GAME DA SHI

Abin da zan yi bayani a kansa a wannan fili shi ne wasiƙar nan da ake aikawa ta intanet, wadda ake kira imel, da kuma manhajar da ke karɓar ta, ta kai ta inda aka nufa. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan manomi da wannan magana, ai ta injiniyoyi ce. Ni ma da haka na ɗauka. Sai da abin ya ci mana shekara guda cur a gidanmu tukuna na gane ashe ruwanmu ne tsundum.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Mu mutanen wani ƙauye ne tsakanin Funtuwa da Bakori, sana'armu noman masara da dawa da waken suya, da 'yar auduga kaɗan. Bara yayata ta gama sakandare, ta ce ita aikin jinya take so ta koya. Baba ya yarda, ya fid da buhu biyu na masara daga rumbu ya kai kasuwa, aka sami kuɗin fom da na mota. Suka tafi wani shagon kwamfuta a cikin gari domin a cike mata fom na wata makarantar koyon jinya. Mai shago ya ce ba ya cikuwa sai da adireshin imel, ita kuwa ba ta da shi. Nan take ya buɗe mata, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, ya rubuta a littafinsa, ya ce su koma gida, duk abin da ya zo zai duba musu.

Yaya ta koma ta yi ta jira. Sau biyu tana biyan kuɗin mota ta je shagon, yaron shago ya buɗe akwatin, ya ce mata babu kome. Rannan sai ta gamu da wata ƙawarta a wurin biki, ita ce ta gaya mata ai an yi jarrabawar shiga tun makon da ya wuce, kuma ta imel aka kira kowa. Yaya ta dawo gida ta kwana tana kuka.

Ranar ziyara Baba ya zo makaranta, muka zauna a gindin dalbejiya, ya ba ni labari. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Auta, kai da aka ce ana koya muku kwamfuta, gaya mini, ta yaya takarda za ta zo kuma a ce ba ta zo ba?" Na sunkuyar da kai, don ba ni da amsa.

Kashegari na kai maganar wurin malaminmu na kwamfuta. Ya ce a samo masa adireshin da kalmar sirri. Baba ya koma ya karɓo, ya bugo wa Malam waya ya karanta masa. Malam ya buɗe akwatin a gabana, da gaske kuwa babu kome. Sai ya taɓa wani wuri a gefe da aka rubuta wa Spam, watau kwandon da ake zuba wasiƙun banza. Sai ga takardar kiran Yaya, kwananta ashirin a ciki. Malam ya ce da mun ƙara kwana goma da ko ita ba za mu gani ba, domin Gmail yana share abin da ya cika kwana 30 a wannan kwando.

Na ce, "Malam, wa ya jefa ta nan?" Ya ce, "Ba mutum ba ne. Ka zo ran Asabar kai da abokanka, in nuna muku." Abin da zan kawo a ƙasa shi ne abin da muka koya a waɗannan Asabar ɗin.

GIDAN WAYA NA DA, DA NA YANZU

Kawuna ya yi makarantar kwana a shekarun 1980. Ya ce a zamaninsu in za ka aika wasiƙa sai ka sa ta a ambulan, ka rubuta adireshi, ka manna kan sarki, ka jefa a akwati. Ma'aikata su buga mata hatimi, su ware ta gari gari, a zuba a jaka a sa a mota. In ta iso, masinjan makaranta ya je ya ɗauko jaka, a kira sunaye a ɗakin cin abinci. Hukumar da ke wannan aiki a da ita ce P&T, wadda ta haɗa wasiƙa da tarho. A shekarar 1985 aka raba ta, ɓangaren wasiƙa ya zama NIPOST.

To, imel ma haka yake, ba shi da wani tsafi. A shekarar 1971 wani injiniya mutumin Amurka mai suna Ray Tomlinson ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar nan @ don ta raba adireshi biyu. Abin da ke hagu da alamar sunan mai akwati ne. Abin da ke dama da ita sunan gidan da akwatin yake ne. Wannan gida kuwa wata babbar kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana, Turawa na ce mata saba, wasu kuma na fassara ta da uwar garke. Ni dai a nan zan riƙa ce mata gidan waya, don aikinta ke nan.

Kwamfuta ita kaɗai ƙarfe ce. Abin da ke mai da ita gidan waya shi ne manhajar da aka sa mata, ita ce a madadin ma'aikata. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Akwai Sendmail, wadda Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta fito a 1983. Akwai Exim, wadda Philip Hazel ya fara a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1995. Akwai Exchange ta kamfanin Microsoft, ta 1996, ita sayar da ita ake yi. Akwai kuma Postfix, wadda Wietse Venema, mutumin Holan, ya rubuta sa'ad da yake aiki a kamfanin IBM, ta fito a watan Disamba na 1998. Exim da Postfix kyauta ne, kowa na iya ɗauka ya yi aiki da su. Postfix ɗin ce Malam ya sa wa wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin karatunmu, muka riƙa gwaji da ita.

YADDA WASIƘA KE TAFIYA

In ka rubuta imel ka danna aikawa, ba ya tashi kai tsaye ya faɗa wayar wanda ka aika wa. Da farko gidan wayanku zai karɓa. Sa'an nan ya dubi abin da ke dama da alamar @, ya tambayi babban kundin adireshi na intanet, wanda ake kira DNS, ya ce, wace kwamfuta ce ke karɓar wasiƙun wannan gida? Amsar tana cikin wani layi da ake kira MX. Da ya samu, sai ya ƙwanƙwasa wa waccan kwamfuta ƙofa.

Gidajen biyu suna magana ne bisa wata ƙa'ida da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, kuma har yau a kanta ake, sai dai gyare-gyaren da aka yi mata. Maganar tasu kamar ta baƙo da mai gida ce. Baƙo ya yi sallama ya faɗi sunansa. Ya ce na zo da saƙo daga wane. Ya ce wane zan ba. Sa'an nan ya miƙa saƙon, ya yi ban kwana. Shi kuma mai gida da lamba yake amsa kowace magana. In ya ce 250, ya karɓa ke nan. In lambar ta fara da 4, kamar 450, nufinsa ba dama yanzu, je ka dawo. In ta fara da 5 kuwa an ƙi ke nan, kada ka sake zuwa. Misali, 550 yawanci nufinta babu mai wannan suna a nan, 552 kuma saƙon ya yi girma ko akwatin ya cika. Saboda haka in wasiƙa ta dawo maka da dogon Turanci, kada ka share ta, nemi lambar nan mai gida uku, ita za ta gaya maka inda matsalar take.

In an karɓa, sai a ajiye wasiƙar a akwatin mai ita har ranar da ya zo dubawa. Hanyar dubawa iri biyu ce. Ta farko ana kiran ta POP, ita a bisa al'ada kwashe wasiƙun take ta kai cikin na'urarka, kamar ka ɗebo takardunka ka kai gida. Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, ita tana barin su a gidan waya ne tana nuna maka kurum. Amfanin ta biyun shi ne ko wayarka ta faɗa rijiya, wasiƙunka suna nan.

SAITIN GIDAN WAYA

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk halin gidan waya mutum ne ke tsara shi. Malam ya buɗe mana wani fayil na Postfix mai suna main.cf. Rubutu ne zalla, layi layi, kowane layi doka guda. In aka canza layi ɗaya sai halin gidan ya canza. Ga kaɗan daga cikinsu.

Na ɗaya, sunan gidan da kuma gidajen da yake karɓa wa wasiƙa. In aka yi kuskuren harafi ɗaya a nan, sai wasiƙa ta zo har ƙofa a ce ba nan ba ne.

Na biyu, su wane ne aka yarda su aika wasiƙa waje ta wannan gida. Layin da ke kula da wannan sunansa mynetworks. A farkon intanet gidaje da yawa a buɗe suke, duk wanda ya zo da saƙo sai su kai masa ba tambaya. Da masu wasiƙun banza suka yi yawa, sai wannan karamci ya zama masifa. Yau in mai gida ya bar ƙofarsa haka, ba za a daɗe ba 'yan damfara za su gano, su riƙa tura dubban wasiƙu ta gidansa. Daga nan sai a sa sunan gidan a baƙin littafi, sauran gidaje su daina karɓar kome daga gare shi, har da wasiƙun gaskiya.

Na uku, girman wasiƙa. In ba a taɓa saitin ba, Postfix ba ta karɓar abin da ya wuce kimanin megabayit 10. Gmail kuwa yana barin mutum ya liƙa takardu har na megabayit 25. Shi ya sa wani zai ɗauki hotunan takardun makarantarsa da babbar waya, ya aika, daga wurinsa su fita lafiya, amma can a ƙi karɓa. Maganinsa a rage girman hoton kafin a aika.

Na huɗu, tsawon jira. In an je aka tarar waccan kwamfuta a kashe, ko don an ɗauke wuta ko don ta lalace, ba a zubar da wasiƙa. Sai a sa ta a layi, a riƙa komawa lokaci lokaci. Postfix tana yin haka har kwana 5, sa'an nan ta mayar wa mai ita. Malam ya sa muka gwada. Muka cire wayar kwamfuta ta biyu muka aika, muka ga wasiƙar ta tsaya a layi. Da muka mayar, bayan ɗan lokaci sai ga ta ta wuce da kanta.

Na biyar, faɗin akwati. Sa'ad da Gmail ya fito ranar 1 ga Afrilu, 2004, gigabayit 1 ya ba kowa, mutane har suka zaci wasa ne don yawansa. Yanzu gigabayit 15 ne kyauta, amma a ciki ne hotunan da mutum ke ajiyewa a Google suke cin nasu rabo. In wuri ya cika da hotunan biki, sabuwar wasiƙa ba za ta shiga ba.

SABABBIN ABUBUWAN DA AKA ƘARO

Yanzu zan zo kan abin da ya shafi Yaya. Waɗanda suka tsara SMTP a 1982 'yan kaɗan ne, malaman jami'a da masu bincike, kusan kowa ya san kowa. Don haka ba su sa wata hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a wurin mai aikowa, kamar yadda zan iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Tun ma kafin nan, a 1978, wani ɗan talla mai suna Gary Thuerk ya aika tallar kwamfuta ga mutane kusan 400 da ba su nema ba, ita ake ɗauka wasiƙar banza ta farko. Daga baya 'yan damfara suka shigo. Abin kunya ne a ce lambar nan 419, wadda sashe ce a kundin dokokin laifuffuka na Nijeriya, duniya duka ta san ta saboda irin waɗannan wasiƙu.

Don a toshe wannan ɓaraka aka ƙaro abubuwa uku. Malam ya kwatanta mana su da cinikin hatsi, sai kowa ya gane.

Na farko SPF, wanda aka buga ƙa'idarsa a 2006. A ce wani babban ɗan kasuwa a Ɗandume ya sanar wa abokan cinikinsa na Legas cewa motoci kaza da kaza ne kaɗai ke ɗauko kayansa. In wata mota dabam ta zo ta ce daga wurinsa take, sai a yi shakka. Haka mai gidan waya ke rubutawa a cikin DNS, ya lissafa kwamfutocin da ya yarda su aika da sunansa.

Na biyu DKIM, na 2007. Shi hatimi ne. Kamar a ɗinke bakin buhu a buga masa shaida, in an kwance a hanya za a gane. Gidan da ke aikawa yana da makulli biyu, ɗaya a ɓoye wanda yake buga hatimin da shi, ɗaya kuma a fili a cikin DNS wanda kowa zai iya gwada hatimin da shi. In an canza wani abu a jikin wasiƙar a hanya, hatimin ba zai dace ba.

Na uku DMARC, wanda ya fito a 2012. Shi umarni ne daga mai gida zuwa ga masu karɓa, cewa in kaya suka zo da sunana amma babu motata babu hatimina, ga abin da za ku yi. Zaɓi uku ne, ko a bar su su wuce, ko a jefa su kwandon banza, ko a ƙi su ɗungum. Bugu da ƙari ana aiko masa da rahoto ya ga masu amfani da sunansa.

Shekaru da yawa waɗannan abubuwa ganin dama ne. Amma daga watan Fabrairu na 2024 kamfanonin Google da Yahoo suka tsananta. Google ya ce duk mai aiko wa masu Gmail wasiƙa sai yana da SPF ko DKIM, wanda kuma ke aika 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa duka ukun. A watan Mayu na 2025 Microsoft ma ya bi sahu a kan masu aika da yawa. Wasiƙar da ba ta cika sharaɗi ba, ko a jefa ta kwando ko a mayar da ita.

Kowace wasiƙa tana da wani dogon rubutu a samanta wanda ba a nunawa sai an nema, a nan kowane gida da ta ratsa yake buga shaidarsa. Malam ya buɗe na wasiƙar Yaya ya nuna mini. Babu SPF, babu hatimin DKIM. Watau wanda ya kafa wa waccan makaranta gidan waya bai sa sababbin saitin nan ba. Wasiƙa ta gaskiya ce, amma ta zo ba shaida, aka yi mata hukuncin ta ƙarya. Malam ya ce aikin da ya rage bai wuce rubuta layi biyu ko uku ba. Na yi shiru ina tuna buhunan Baba.

Akwai sauran sababbin abubuwa da ya kamata in ambata a taƙaice. A da wasiƙa a buɗe take tafiya tsakanin gida da gida, duk wanda ya tsaya a hanya zai iya karantawa. A 1999 aka fito da hanyar rufe ta da ake kira STARTTLS, a 2018 kuma aka ƙaro MTA-STS, wadda mai gida ke cewa da ita kada a kawo mini kome sai a rufe. Sai dai a sani, wannan rufi na kan hanya ne kurum. Akwai kuma wata dabara da ta ɓullo a 2003, inda gida ke ce wa duk baƙon da bai sani ba je ka dawo. Gidan kirki zai dawo, da yawa daga masu wasiƙun banza kuwa ba sa dawowa. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wata wasiƙa ta yi jinkirin 'yan mintoci, don haka in kana jiran saƙo ka ɗan yi haƙuri kafin ka ce ya ɓace.

Wani abu kuma ya shafi harshenmu. SMTP ta farko haruffan Turanci kaɗai ta sani, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Mu kuwa mun san baki dabam, baƙi dabam. A 1992 aka fito da tsarin MIME, wanda ya ba da damar liƙa hoto da takarda, da kuma rubutu da haruffan wasu harsuna a cikin wasiƙa. A 2012 aka yi ƙa'idar da ta yarda a sa irin waɗannan haruffa a jikin adireshin kansa, Postfix kuma ta fara aiki da ita a fitowarta ta 3.0 a 2015. Amma har yanzu ba kowane gida ne ke karɓa ba. Don haka ka rubuta Hausarka da ƙugiyoyinta a cikin wasiƙa, amma adireshi ka bar shi da haruffa marasa ƙugiya.

Aikin dai ba ya ƙarewa. A watan Disamba na 2023 masu bincike suka bayyana wata sabuwar hanya ta cusa wasiƙar ƙarya a cikin ta gaskiya, nan da nan masu Postfix suka fito da sabon saiti don toshe ta. Malam ya ce gidan waya kamar gona yake, ba a shuka a tafi, sai ana zagayawa.

SHAWARA GA 'YAN'UWA DA IYAYE

Kusan dukanmu za mu rubuta jarrabawar JAMB. An kafa wannan hukuma a 1978, tun 2015 kuma jarrabawarta a kwamfuta ake yi, kuma ana bukatar kowane ɗalibi ya ba da adireshin imel. Haka neman gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko ta Tarayya a Dutsin-Ma, haka neman tallafin karatu da neman aiki. Saboda haka ga shawarata.

Ɗaya, kowa ya buɗe akwatinsa da hannunsa, ko a gabansa, ya zaɓi kalmar sirrinsa. Wanda ya riƙe maka makullin rumbu shi ke da rumbu. In an riga an buɗe maka a shago, ka canza kalmar a ranar.

Biyu, a haɗa akwatin da lambar wayar gida wadda ba za a yar ba, ta Baba ko ta Inna, don in an manta kalmar sirri ta nan ake dawo da ita.

Uku, in kana jiran saƙo ka duba aƙalla sau biyu a mako, kuma kada ka tashi sai ka leƙa kwandon Spam. In ka ga wasiƙar gaskiya a ciki, ka danna wurin da ke cewa ba ta banza ba ce.

Huɗu, kada a bar akwati ya cika, kada kuma a yi watsi da shi. Tun watan Disamba na 2023 Google na iya share akwatin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Biyar, ka karanta abin da ke dama da alamar @ harafi harafi. Sunayen da suka ƙare da .ng na Nijeriya ne, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da su. An keɓe .gov.ng ga hukumomin gwamnati, .edu.ng kuma ga manyan makarantu. In wasiƙa ta ce ka ci gurbi ko kyauta, ka turo kuɗi asusun wani mutum, ko ka aiko da kalmar sirrinka, to kada ka amsa, ka nuna wa malami tukuna.

Shida, wannan roƙo ne ga shugabannin makarantu da ofisoshi. Don Allah ku sa wanda ya kafa muku gidan waya ya duba SPF da DKIM da DMARC. In za ku kira ɗalibai, ku haɗa da saƙon waya da sanarwa a rediyo, domin a ƙauyukanmu na Ƙafur da Ɗanja da Malumfashi ba kowane gida ke da babbar waya ba.

KAMMALAWA

Da aka ba mu hutu na koma gida, bayan sallar isha'i na zauna da Baba a zaure na yi masa bayanin nan duka, da misalin motoci da buhuna. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "To, yanzu na ji. Takardar ta zo, amma ba ta da shaida, mai makulli kuma bai duba ko'ina ba." Na ce haka ne, Baba.

Wasu dangi sun so a bar maganar karatun Yaya haka nan. Baba ya ce a'a, tun da ba faɗuwa ta yi ba. Bana ya sake fid da masara an sayi fom. Ni da Yaya muka canza kalmar sirri, muka haɗa akwatin da lambar Baba, kuma na koya mata dubawa da kanta a wayar kawunmu. Duk Litinin da Alhamis takan je ta duba, akwati da kwando duka. A lokacin da nake wannan rubutu muna nan muna jira, ina roƙon masu karatu su sa ta a addu'a.

Nan zan dakata. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gafarce ni. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.

Daga wani ɗalibi, aji biyu na babbar sakandare.